Taki a Gonar Aro

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali da keken ɗinkinka. Na rubuto ne maimakon in kira, don ka san a nan waya ba ta kamawa sai a rumfar mai caji, kuma duk abin da mutum ya faɗa a can sai ya riga shi isowa gida.

Kuɗin tallafin da ake ta cewa za a ba gidajen manoma sun shigo, har da mu. Abin mamaki, ba su ce mu yi komai da su ba. Baban yara ya tambayi ma'aikaciyar, "To, yaushe za mu biya?" Ta ce babu biya. Ya ce, "To me za mu yi muku?" Ta ce ba komai. Ya dawo gida ya yi jugum kamar an yi masa rasuwa. Ka san surukinka, ko alheri ne ya zo sai ya leƙa ƙarƙashinsa.

Ni ban tsaya leƙe ba. Mun kai ƙaramar 'yarmu asibiti, tarin nan ya tsaya. Mun toshe yoyon ɗaki. Yara sun daina zuwa makaranta da ciki wayam. Sauran kuɗin ne muka kasa shiryawa a kai.

Ka san gonar da muke nomawa ba tamu ba ce, aro ce tun zamanin mahaifin baban yara daga gidan Sannu-Sannu, attajirin nan da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ba ma biyan haya, sai dai duk damina baban yara ya fara yi masa noma kafin ya taɓa tamu, a lokacin kuwa ciyawa ta ci rabinta. Ƙasar ta gaji, masarar bara ko gwiwata ba ta wuce ba a wasu kunyoyin. Na ce mu sa mata taki. Ya ce a'a, wai idan gonar ta yi kyau mai ita zai tuna tasa ce. Ka ji fa! Mu zauna da yunwa don kada wani ya tuna.

Ka ba mu shawara, maganarka yake ji. A gaida matarka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ta hannun direban motar kasuwa, na kuma yi farin ciki ƙwarai da lafiyar yarinyar. Allah Ya saka wa masu tallafin.

Game da gona, gaskiya tana wajenki. Ki gaya wa mijinki tsoro ba ya cika rumbu. Ku sa taki, kuma na shanu za ku saya. Na zamani damina ɗaya yake yi ya wuce, na shanu kuwa zama yake yi a cikin ƙasa, ku yi shekaru kuna cin amfaninsa. Sannan ya ɗauki ɗan ƙwadago ya tura gonar attajirin a madadinsa, shi ya tsaya ya nome taku a kan lokaci. Aiki ake bin sa, ba fuskarsa ba.

Mutum mai gonaki irin na Sannu-Sannu me zai yi da 'yar taku? Ku kwantar da hankalinku.

Na ba direba rigunan yara da na ɗinka. Wassalam.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, hankalina ne ba ya jikina.

Mun yi yadda ka ce. Amalanke ta yi ta sintiri da taki har maƙwabta suna tsokanata wai gimbiya za mu aurar. Masara ta fito baƙa ƙirin don kyau, yanzu ta fi baban yara tsawo, goyo biyu-biyu. Duk wanda ya biyo hanya sai ya tsaya ya kalla. Da farko daɗi nake ji. Yanzu duk mai tsayawa sai gabana ya faɗi.

Ɗan ƙwadagon da muka tura, Sannu-Sannu bai kore shi ba. Ya ba shi ruwa, ya ce a gaishe da maigidan da ya aiko shi. Tun daga ranar bai ƙara aikowa a yi masa wani aiki ba. Da zagi ya yi da na ji sauƙi.

Sai ya fara zuwa gonar da safe. Ba ya shiga. A bakin iyaka yake tsayawa, hannu a baya, ya ce, "Sannunku da aiki." Wani lokaci ya caka sandarsa a kunya, ya zaro, ya duba bakinta. Ni ya ce wa rannan, "Uwar gida, ashe ƙasar nan tana da rai haka?"

Baban yara ya daina cin abinci sosai. Shekaranjiya da rana na kai masa ruwa ban same shi a tsakiyar gona ba. Na bi ƙarar adda, sai ga shi a kunyoyin bakin hanya yana sare masarar da ba ta nuna ba, yana watsa ta kamar shanu ne suka yi ɓarna. Na riƙe hannunsa na ce, "Ka haukace ne? Abincin 'ya'yanka kake sarewa!" Ya ce, "Ƙyale ni, Auta. In bakin hanya ya yi muni ƙila ya daina kallo." Yaya, tunda na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Tsoro nake ji. In aka karɓe gonar nan ba mu da inda za mu soka ko ƙwayar iri, kuma duk abin da aka ba mu yana kwance a cikinta.

Ka amsa da wuri don Allah.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta wasiƙarki har na ɓata wuyan rigar mutane. Ban zaci abin zai kai haka ba.

Kada ya ƙara sare ko kara ɗaya. Na ji an ce akwai kashi na biyu na tallafin a hanya. Da ya shigo, ya ɗauki dattawa biyu su je wajen attajirin, ya ce yana so a mayar da aron haya, a yanka kuɗi a gaban shaidu. Wanda ya karɓi haya ba ya korar mutum yadda ya ga dama. In kuɗin ba su kai ba ki gaya mini, ko keken zan sayar.

Allah Ya kawo mana sauƙi.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Kada ka sayar da kekenka, ba kuɗi ne suka gaza ba.

Sun je. Sannu-Sannu ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, har tarin ƙaramar ya sani. Da baban yara ya ajiye kuɗin a gabansa, sai ya tura su baya da ɗan yatsa. Ya ce, "Haba, ɗana. Ubanka bai taɓa ba ni kuɗi ba. Tsakaninmu ba haya." Ɗaya dattijon ya ce to ya ba su kalma ɗaya a kan baɗi. Ya yi murmushi ya ce, "Wanda ya shuka shi ke girbi. A bari a yi girbin tukuna."

Da suka fito dattawan ba su kalli baban yara ba, kowa ya kama hanyarsa.

Masara ta bushe, ta isa karya. Ka san me? Baban yara kullum sai ya ce a ƙara mata kwana. Na gane, muddin tana tsaye gonar tamu ce. Ni kaina, da nake mafarkin ranar da rumbunmu zai cika, yanzu ba na son ranar ta zo. Amma tsuntsaye sun fara, ɓeraye ma. Gobe za mu shiga.

Ka sa mu a addu'a.

Auta

*

Yaya,

Wasiƙunka sun iso, ban iya amsawa ba sai yau.

Rumbu ya cika, har mun ari ɗakin maƙwabta. Yara ba za su ji yunwa bana ba, alhamdulillahi.

Ranar da muka kwashe buhun ƙarshe Sannu-Sannu ya zo. Wannan karon ya shigo har tsakiya, ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza. Ya ce baɗi da kansa zai nome ta. Ya ce amma ba zai bar mu haka ba, akwai fakon nan na bayan dutse da ko ƙaya ba ta fitowa, mu je can, tunda Allah Ya ba baban yara hannun gyaran ƙasa. Baban yara ya ce, "Na gode."

Kuɗin da ya tura mana baya suna nan, ba mu taɓa ba. Jiya mai amalanke ya zo yana tambaya ko fakon ma za a kai wa taki. Baban yara ya dube ni, ni ma na dube shi. Har yanzu mutumin bai sami amsa ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta