Gizagon Mushe Zaidu

Yamai, watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Zaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka Muna da duk mutanen Filinge. Mu nan sai godiya, ban da gwiwoyin nan nawa da suka sa yanzu a zaune nake salla.

Na rubuto ne don kunnenka ya yi nauyi. In na kira ka a salula sai ka yi ta "Na'am? Na'am?" har muryata ta dushe. Takarda kuwa ba ka iya ce mata ba ka ji ba.

Saratu mai sayar da atamfa ta je Filinge ta'aziyya, ta dawo min da labarin da ya hana ni cin abinci. Ta ce, "Hajiya, wallahi Mushe Zaidu nig gani bayan kasuwa, zamne bisa ƙasa cikin ɓawon icce, yana sassaƙa wurin tsoho Issa kamar ɗan koyo." Na ƙaryata ta a gaban mutane. Washegari direban motar Filinge ya ce shi ma ya gani, ashe ni ce zan ji kunya.

Zaidu, shekara talatin kana biro kana aikin ofis, ana kiranka Mushe da Faransanci don girmamawa, in ka shigo mutane na tashi tsaye. Ka yi ritaya da mutuncinka, ka koma gida don ka zauna a zauren Baba, a zo gaishe ka, ka raba gardama. Gidanmu gidan noma ne da doki, duk ƙasarmu ta Kurfai an sani. Tun kakanni ba wanda ya taɓa riƙe gizago. Masassaƙa suna da gidajensu, muna sayen turmi da ƙota a wurinsu, muna ba su hatsi, amma ba mu zama cikinsu. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Ga abin da ke gabanmu. Autana Faruk ya samu yarinya, Latifa, ɗiyar wani babban alhaji a nan Yamai. Asalinsu mutanen Damana ne, sun san gidanmu sarai. Tun rasuwar ubansa kai ka riƙe Faruk, kai ka kai shi lakwal ya yi boko, kuma ba shi da baffa a raye. Kai ya kamata ka je neman auren bayan salla, kai za ka karɓa masa ranar ɗaurin aure. To ni ba zan aika masassaƙi gidan surukai ba. Ka zaɓa, ko gizago ko ɗanka.

Ka gaida Muna, ka ce ina mamakinta da ta zuba maka ido.

Yayarka,
Hajiya Delu

Filinge, watan Azumi

Zuwa ga Yaya Hajiya,

Amin wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na biyun don daɗin faɗan, na daɗe ban ji shi ba. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ya ba mu ladan azumi. Muna tana gaishe ki, ta ce ba ido kawai ta zuba min ba, har fura take aiko min wurin aiki kafin azumi.

Saratu ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta rage. Ban da zama a ƙasa har riga nake tuɓewa.

Na zauna a zauren Baba kamar yadda kike so, Yaya. Da safe a gaishe ni, da hantsi kowa ya tafi sabgarsa, a bar ni ina kallon azara har na san wadda gara ta ci. Mutum yana iya mutuwa a zaune mutane na gaishe shi. Ran nan kujerar tsugunno ta Inna ta tsage, na kai wa Baba Issa. Na tsaya ina kallon yadda gizago ke ɗauke ɓawo fari siriri, ƙanshin ɗanyen icce na tashi, ban san lokacin da na ce ya ba ni in gwada ba. Saran farko a ƙwaurina ya sauka, tabon yana nan. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mushe, icce ba takarda ba na, ba a yi mai tsawa. Duba inda yan nuhwa, ka bi shi." 'Ya'yansa duk sun tafi Kwatano neman kuɗi, ba mai gadonsa. Ni kuma gemu ba ya hana neman ilimi.

Ba turmi kawai yake yi ba, yana yin kujera mai jingina wadda babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Ƙafafun da ɗanyen icce ake yi, sandunan da ke gicciye kuwa busassu ƙayau. A huda ɗanyen, a cusa busasshen, a bar ta a inuwa. Ɗanyen yana bushewa yana damƙe busasshen, har jikoki ba mai raba su. Sannan a saƙa mazauni da igiyar kaba. Ta farko da na gama, wani tsohon makiyayi daga Sanam ya zauna a kai, ya miƙe baya, ya ce wash, alhamdu lillahi. Shekara talatin ina buga hatimi a kan takardun da ban san inda suka ƙare ba, ban taɓa jin wani ya yi wa aikina wannan hamdala ba. Na koma gida ranar ina jin daɗin da na manta ana ji.

Kin ce a zaune kike salla. Na san a kan kujerar roba ce, wadda aka zuba wa kowa da kowa. Baba Issa yana cewa, "Ba ni yi ma mutum kujera sai na ga tsawon ƙahwatai." Awonmu kara ne. Ki samu karan hatsi, ki auna daga diddige zuwa bayan gwiwa, ki karya, ki ba direba. Zan yi miki wadda tafin ƙafarki zai zauna daram a ƙasa in kin sunkuya.

Maganar Faruk kuwa, ɗana ne, ba sai kin tuna min ba. In kin aike ni zan sa babbar riga in je, amma hannuwan nan masu kanta zan miƙa wa surukai, kuma in sun tambayi sana'ata zan faɗa. Gizago dai ba na ajiyewa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Zaidu

Yamai, bayan ƙaramar salla

Zaidu,

Barka da salla. Muna lafiya.

Ni Delu in auna ƙafata da kara kamar jakin da za a sayar a kasuwar Baleyara? Allah ya kiyaye. Falona cike yake da kujeru, ba na bukatar ta bayan kasuwa. Ka riƙe abarka.

Na yi zaton in na ambaci Faruk za ka dawo hayyacinka. Ashe icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa ka bushe. Na ji zafin takardarka ƙwarai, don ni na goya ka, kuma ban goya ka don ka zama abin nuni da baki ba.

Alhassan ɗan Baffa Nafi'u ya je neman auren, an karɓe shi da mutunci, an sa rana bayan babbar salla. Shi zai karɓa wa Faruk. Yaron ya yi min kuka, na ce ni na haife shi, ni ke da magana. In za ka zo ɗaurin aure ka zo, ƙofa a buɗe take ga kowane baƙo.

Ka gaida Muna.

Hajiya Delu

Filinge, farkon damina

Zuwa ga Yaya Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan gajiyar biki ta sake ku. Allah ya sanya albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari. Nan an yi ruwan shuka, mun shuka gonar Baba.

Kina cikin gida da mata, ba ki gan ni ba, amma na zo. Na zauna can baya cikin baƙi, a kan kujerar haya. Da liman ya ce wa ke karɓa wa ango, Alhassan ya ce shi ne. Kunnen nan da kike cewa ya mutu, wannan kam ya ji ta. Yaron da na goya a wuya na kai shi lakwal yana kuka, yaron da na kwana da shi a asibiti lokacin ƙyanda, aka ɗaura masa aure ina ɗan kallo. Ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye a cikin mota har muka wuce Baleyara. Kin so ki ji min ciwo, kin samu.

To amma ki ji sauran. Idon Baba Issa ya yi rauni, ƙarfinsa ya ragu. Da na dawo sai ya kira ni, ya ɗauko gizagonsa, wanda ya gada wurin ubansa, ƙotar ta yi sulɓi don riƙo, ya ɗora min a cinya. Ya ce, "Ɗiyana sun ƙiya, kai ka so. Amshi." Ban taɓa karɓar takardar girma a biro da ta yi min nauyinsa ba.

Kuma na tashi daga bayan kasuwa. Na kafa rumfa a ƙofar gidan Baba, ƙarƙashin iccen dogon yaron nan, inda duk mai wucewa zai gan ni. Saratu ta huta da ɗaukar labari. Masu gaisuwa suna zuwa, masu gardama ma suna zuwa, ina raba musu ina fiƙe ƙafar kujera. Wasu dattawan sun daina tsayawa, Allah ya raka taki gona.

Ina nan ƙanenki ko kin so ko kin ƙi, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Zaidu

Yamai, ƙarshen sanyi

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna Muna. Kawu, na daɗe ina jin kunyar rubuto maka. Abin da ya faru ranar ɗaurin aure yana damuna har yau, ina roƙon ka yafe min, na kasa ƙetare maganar Hajiya.

Ta hana a faɗa maka, amma ba zan iya yin shiru ba. Kwanan baya tana sallar la'asar, ta sunkuya, ƙafar kujerar roba ta buɗe, ta faɗi ta gefe. Likita ya ce ba karaya, sai dai ƙugun ya bugu. Yanzu tana tsoron kowace kujera. Na falo sun yi ƙasa, in ta zauna sai mutum biyu sun ɗaga ta. Na sayo wata ta ƙarfe, ta yi mata tsawo, ƙafafunta na reto. A bakin gado take salla, kuma na sha ganin ta tana share ido bayan ta sallame.

Ga shawarata. Zan auna ƙafarta tana barcin rana, in aiko maka. In ka gama ka ba direba, ni zan ce a kasuwa na saya. Ba sai ta sani ba.

Iyalina kuma tana fama da nauyi, ana sa ran haihuwa watan gobe. A sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Faruk

Filinge

Zuwa ga Yaya Hajiya,

Assalamu alaikum. Sannu, Yaya. Sannu ƙwarai. Allah ya sa kaffara ce. Kada ki yi wa Faruk faɗa, ɗan kirki ne, shi ya sa ya kasa riƙe cikinsa. Ki gaya masa ban taɓa riƙe shi da komai ba.

Ya ce zai auna ki kina barci, in yi kujera, ya ce miki ta kasuwa ce. Na ƙi, kuma gara ki ji daga bakina. Ba na aunar mutum bai sani ba, kuma aikina ba zai shiga gidanki da sunan wani ba. Na riga na zauna a baya sau ɗaya, ya isa.

Sandunan kujerarki na yanke su tun ranar da takardarki ta farko ta zo, suna rataye a rumfa, sun bushe har suna ƙara in an ƙwanƙwasa. Ƙafafun kuwa na sare su makon nan daga reshen aduwar gonar Baba, wadda kike kakkaɓo mana 'ya'yanta muna yara. Suna nan ɗanyu a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ban yanke tsawonsu ba. Ɗanyen icce ba ya jira, Yaya. In suka bushe kafin in huda, sun tashi aiki.

Tun da na ji kin faɗi abinci ba ya min daɗi. Amma ba zan yi miki ƙarya don ki zauna ba. Kara ɗaya ne, ba ya da nauyi.

Allah ya ba ki lafiya.

Ƙanenki masassaƙi,
Zaidu

Yamai

Zaidu,

Wa alaikumus salam. Ga kara wurin direba. Da ƙyar aka samo shi a garin nan, sai da Faruk ya je wurin masu dabbobi. Ni na auna, ni na karya da hannuna.

Kujerar kuwa ka sa mata hannuwa, ba na iya tashi sai da dafawa. Kada ka ba direba ita. Ka ɗauko ta da kanka, ka zauna har suna, kai za ka raɗa wa abin da aka haifa. In surukai sun tambayi wa ya sassaƙa, ka yi shiru, ni zan ba su amsa.

Ban ce ka yi daidai ba.

Ka gaida Muna. Ka gaida Issa.

Yayarka,
Delu