Injin da Ɗahiru Ya Aiko

Haɗeja, 4 ga Janairu, 1978

Zuwa ga ɗana Ɗahiru a Jidda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Innarka tana gaishe ka.

Injin cire gishiri daga ruwa ya iso. Allah ya yi maka albarka. Shekara talatin ina shan zartsin rijiyar gidan nan, sai yanzu na san shayi ba da yamutsa fuska ake shan sa ba.

Amma Ɗahiru, ba ka gaya mini baƙon naka acici ne ba. Ba ya motsi sai an tayar da janareta, janareta kuwa sai gas. Ya sha bokiti uku, ya ba ka ɗaya, ya zubar da biyu. Gas ya yi wuya a gari, duro ɗaya ya rage mini, shi ma na injin ban-ruwan alkamata ne a fadama. In ya ƙare kafin ta nuna, noman bana ya tashi.

Mahaifinka,
Malam Kolo

Haɗeja, 9 ga Fabrairu, 1978

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu lau, ban da alkama.

Innarka ta ba maƙwabta ɗanɗano, shi ke nan. Kullum tuluna har bakin masallaci. Wata tsohuwa daga Auyo ta zo a kwalekwale, wai ruwan Makka ne. Ka san gidanmu, tun kakanni ba a taɓa hana mutum ruwa ba, ba kuwa a kaina za a fara ba. Duro ya koma rabi.

Sai na yi abin da nake jin kunyarsa. Na lulluɓe injin da tabarma, na ce ya lalace. Kwana uku ana zuwa yi mini jaje, ni kuma ina kurɓar zartsi a gabansu ina cewa haka Allah ya so.

Rana ta huɗu mutanen unguwa, don tausayi, suka ɗauko Yakubu makaniki. Ya yaye tabarma, ya danna abu ɗaya, inji ya tashi. Aka yi ta kabbara. Ni da bakina na sa masa albarka, har da ba shi goro.

Jiya duro ya ƙare. Alkama ta bushe a tsaye, na ce wa Buba makiyayi ya sa shanunsa su cinye.

Ka gai da abokan aikinka. Kada ka sake aiko mana da komai, addu'a ta wadatar.

Mahaifinka,
Malam Kolo