Ranar da Saƙon Ruwa Ya Tsaya

Gidan Dahala, Sakkwato.
Litinin.

Zuwa ga Bara'atu,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kin tashi lafiya, ke da ɗiyarmu Khaula. Yaya jego, yaya zafin ruwan wanka? Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Inna. Ni lafiya lau, sai kewa. Ki yi haƙuri da rubutuna, ke ce mai makaranta.

Yau da safe na ga abin da ya sa gabana ya faɗi. Na buɗe ofishinmu na manoman shinkafa a Sama Road, na tarar batirin da ke ba kwamfuta wuta ya mutu tun jiya. Da na tayar da kwamfuta, sai allon ya yi tsit. Kin san aikinta: mutanenmu da ke can sama kusa da madatsa suna rubuta inda ruwan kogi ya kai a shafin sada zumunta, ita kuma tana cafke saƙon yana fitowa, ta tura wa masu unguwannin fadama ta waya, har da naku na Tungar Ɗanbaro. Kullum rubutu yana gangarowa a allon kamar ruwan indararo. Yau layi ɗaya ne ja, da lamba 401.

Hayatu, ɗalibin da ya haɗa ta, ya tafi bautar ƙasa Kudu, wayarsa sai an dace. Amma ya bar min takarda. A ciki ya ce 401 na nufin mai gadin shafin ya ce bai san mu ba. Muna da mabuɗi, shi yana ce masa tokin, wasu haruffa ne da lambobi dogaye kamar igiyar guga, da su kwamfutar ke ƙwanƙwasa ƙofa. Wata bakwai ana buɗe mata, yau an ƙi.

Ga shi muna tsakiyar Agusta, ku kuma kuna bakin kogi, inda waya ba ta kamawa sai mai unguwa ya hau tudun makaranta. In ya hau bai ga saƙo ba, zai ɗauka lafiya ce. Wannan shi ne abin da ke ci min rai. Ki gaya wa Baba kada ya yarda da shirun wanga mako.

Da na dawo ɗaki na zuba shayi kofi biyu kafin in tuna. Na shanye duka. Tambari direba zai kawo miki wagga takarda.

Naki,
Gazali.

Laraba.

Bara'atu,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Tambari ya ce Khaula ta fara bin mutum da ido. Ni ne ban gani ba.

Har yanzu ƙofa a rufe. Na bi takardar Hayatu layi-layi. Na duba intanet, lafiyarta lau. Na duba ko an taɓa mabuɗin, na sa yatsa ina bin haruffan ɗaya bayan ɗaya sau uku, ba abin da ya ɓace. Na shiga shafin na soke tsohon, na fito da sabo fil, na sa. Lambar nan ta sake fitowa. Na sake, ta sake. Wasila mai buga mana takardu ta ce ni da 401 mun zama kamar mai gona da ɓera.

Malam Sodangi, sakataren ƙungiya, ya tsaya a kaina da carbinsa ya ce wanga aiki ba na ɗan firamare ba ne, in Juma'a ta yi ba ta tashi ba zai nemo mai digiri. Dattijo ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma Juma'a ta yi min nisa, don ruwa ba ya jiran digiri. Jiya na wuni ina kiran mutanen sama ɗaya-ɗaya. Cikin goma sha ɗaya uku suka ɗauka, saura suna gona. Ɗaya ya ce ruwa ya soma ja, kuma ya fara kawo kara.

Kowa ya tashi ƙarfe huɗu ya bar ni da fanka da jan layi. Na so a ce akwai wanda zan gaya wa ina jin tsoro. Ga shi na gaya miki.

Ki haɗa kayan Khaula wuri ɗaya, ko don hankalina.

Naki,
Gazali.

Alhamis.

Uwar Khaula,

Sallama da gaisuwa mai yawa gare ku duka. Ki karanta wa Baba wannan tun Tambari bai juya mota ba.

Yau ina zaune ina kallon allo, dabara ta ƙare min, sai ladan na masallacin bayanmu ya kira azahar. Wata bakwai ke nan, in ya ɗaga murya agogon da ke kusurwar allon kwamfuta yana ɗaya da rabi, bai taɓa saɓawa ba. Yau na ga ɗaya da minti arba'in da biyu. Na ce ko ladan ya makara. Na duba wayata, ɗaya da rabi cif. Na ɗaga kai, agogon bango yana tare da kwamfuta.

Bayan mun idar da salla na tambayi Wasila. Ta ce ai ranar Asabar Malam Sodangi ya rasa raka'a biyu na la'asar, ya dawo ransa a ɓace, ya tura agogon bango gaba da minti goma sha biyu don ya riƙa samun sahun farko. Ya kuma sa ta ta tura na kwamfuta, wai kada ofis ɗaya ya zama da lokaci biyu. A ranar ƙofa tana buɗe, shi ya sa ba mu ga komai ba sai da batir ya mutu aka koma ƙwanƙwasawa.

Nan na tuna bayan takardar Hayatu, inda ban kula ba. Ya ce kowace ƙwanƙwasa tana tafiya da lokacinta. In lokacin bai yi daidai da na mai gadi ba, zai ɗauke ka ɓarawo ko da mabuɗinka na ƙwarai ne. Ashe kwana huɗu ina zargin mabuɗi, shi kuwa ba ruwansa.

Na je na durƙusa gaban Malam na yi masa bayani. Ya ce yanzu kwamfuta ce za ta hana shi jam'i? Na ce na bango nasa ne, ya tura shi har gobe in yana so, na kwamfuta dai nake roƙo. Ya ce to a mayar, ya gani.

Na mayar. Bara'atu, jan layin ya ɓace. Abin da aka rubuta kwanakin nan ya wuce, ba ya dawowa, sai sabo. Muka zauna muna jira. Can sai layi ɗaya ya gangaro, sai wani, sai wani. Na huɗu daga gadar sama ya fito: ruwa ya rufe zane na uku na awon ruwa da ke jikin gadar, yana ƙaruwa. Kin san in ya rufe na uku, kwana ɗaya da yini ne ya iso gare ku. Kwamfuta ta tura wa masu unguwanni tara. Takwas suka nuna alamar an karɓa, naku ne bai nuna ba. Na kasa zama. Sai bayan la'asar, ina jin lokacin da mai unguwa ya hau tudu, alamar ta fito gefen Tungar Ɗanbaro.

Na juya in gaya miki, sai na ga bango.

Ki shigo motar Tambari yau ke da Khaula da Inna, a ƙarasa wankan nan Gidan Dahala, na tanadi itace. Baba ya kwashe buhuna da awaki zuwa tudu. In ya ce tsoron mai sabuwar ɗiya ne ke damuna, ki ce ba ni kaɗai na gani ba. Wasila ta gani. Tambari da ke gabanku yana bakin ƙofa, ya gani. Malam Sodangi ma ya gani, yana tsaye da butarsa a hannu, bai motsa ba sai da ya karanta saƙon gada sau biyu.

Mai jiran ku a bakin titi,
Gazali.