Allurar Mashin Ɗin Malam Harisu

Daura,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Yazid, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Siddiƙa da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a garejinka. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana fama da ƙafa, amma bakinta lafiya lau, jiya ma sai da ta yi mini faɗa wai ba ka kira ta ranar Juma'a ba, sai ka ce ni na riƙe maka wayar. An yanke gero a gonarmu ta Zango, ya yi kyau ba laifi. Kada ka yi mamakin wasiƙa alhali ga waya, kada kuma ka yi dariyar waɗannan manya-manyan baƙaƙe. Maganar ce ta ƙi fitowa ta baki. Sau biyu ina kiranka don in faɗa, sai in ɓuge da tambayarka ko ana ruwa a can.

Ka tuna Malam Harisu na Sandamu, mai fataucin awaki, wanda tun kana koyon aiki a rumfata ba ya kai mashin ɗinsa wajen kowa sai ni? Makonni uku da suka wuce ya turo shi, kabireta na ɗigar mai har ƙasa ta jiƙe. Auta, aikin da na koya maka a watanka na farko ke nan! Ka rufe mai, ka kwance kwanon ƙasa, ka duba fulot ɗin da ke iyo a kan mai, ka duba 'yar allurar da ke toshe hanya idan kwanon ya cika. Na wanke datti, na canza robar bakin kwanon, na ɗaga allurar a rana na juya ta, na ce kalau take. Ka san halina, ba na yar da kayan da bai mutu ba, kuma ba abin da nake tinƙaho da shi a Daura kamar wannan. Bayan kwana biyu ya dawo, mai na zuba. Na lanƙwasa harshen fulot kaɗan, na sake duban allurar, na sake cewa kalau take.

Dawowa ta uku da wando ƙonanne ya zo. A hanyar Dutsi man ya zuba a kan inji mai zafi, wuta ta tashi tsakanin ƙafafunsa, ga matarsa a baya da goyo. Da ƙasa suka kashe ta, shi da wasu manoma. Wallahi bawan Allahn nan ko tsawa bai yi mini ba. Cewa ya yi wataƙila man bumburutu ne ya cuce mu. Na kwance kabiretar, ɗan siririn fil ɗin da ke riƙe fulot ya suɓuce ya faɗi kan farin buhun da nake shimfiɗawa. Farin buhu, Auta, da rana tsaka! Na yi ta lalube da tafin hannu kamar mai neman tsakuwa cikin shinkafa, ina jan Malam Harisu da hira don kada ya lura. Da yatsa na same shi, ba da ido ba. Sai na ce masa aikin na buƙatar natsuwa, na sa kabiretar a leda na tafi gida.

Na tarar da matata Adawiyya a inuwa tana ɗinkin hula. Na zube kayan a faranti na zauna. Ta ɗauki allurar don wasa, ta ce ashe mu ma da allura muke cin abinci. Ko juya ta ba ta yi ba ta tambaye ni wannan rami da ya zagaye bakinta kamar zobe, haka ake ƙera ta? Na karɓa na kai ta har kan hancina. Ban ga komai ba. Matar da ba ta san sifana da filaya ba ta gano a kallo ɗaya abin da na duba sau biyu na ce kalau yake. Na sayo sabuwar allura, ina faɗa mata tana sawa, ita ta zura fil ɗin. Na sa tiyo a baki na hura, na ɗaga fulot, iska ta tsaya cak, alamar allurar ta toshe hanya. Sai na ji Adawiyya tana jan hanci.

Na je asibitin ido a Katsina. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cina. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce zai iya riƙe abin da ya saura, amma wanda ya tafi ya tafi. Na karɓi ƙaddara, amma ba zan ɓoye maka ba, raina ya karye. Shekara talatin da ɗaya a rumfar nan, ban iya komai ba sai wannan. In na bar ta, me zan zama? In na zauna, ɗan wa zan ƙona?

Abin da ya ƙarasa ni kuwa shi ne shekaranjiya. Malam Harisu ya zo da kwaryar nono, ya tsaya gaban jama'a yana cewa ko ɗigo ɗaya bai ƙara gani ba, wai duk ƙasar Daura babu mai ido irin na Abdulbaƙi. Ya kuma kawo mutum huɗu daga Sandamu da mashinansu. Na ce musu zazzaɓi nake, na ja ƙyauren rumfa na kulle. Har yau ban buɗe ba, kuma ba na jin zan buɗe. Ka dawo gida, Auta, ka karɓi rumfar nan tun sunanta bai ɓaci ba. Na san ka kafu a can, na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne, amma ba ni da wanda zan miƙa wa sai kai. Inna ba ta sani ba tukuna, kada ka gaya mata a waya.

Ka gaishe mini da Siddiƙa, da Fadila, da Musaddiq mai ƙiriniya. Inna da Adawiyya da su Firdausi duk suna gaishe ku. Na naɗe tsohuwar allurar a 'yar takarda na sa cikin ambulan ɗin nan, ka buɗe a hankali kada ta faɗi. Ka ɗaga ta a rana yadda na koya maka, ka duba bakinta. Adawiyya ta ce ramin a fili yake. Ni har yanzu kalau nake ganinta.

Yayanka,
Abdulbaƙi