Ranar da Inna ta koma lambun albasa

Garwa, 19 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Abdelkerim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Ache da yara, kuma sanyin Kuseri bai matsa muku ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Zan rubuta maka abin da na gani da idona jiya Asabar, ba ƙari ba ragi. Da ƙarfe tara da minti goma na safe Inna ta fita daga gida da ƙafarta. Da ƙarfe goma saura kwata ta isa lambunta na albasa a bakin kogin Binuwai. Na auna nisan daga baya da babur, mita ɗari takwas da hamsin ne. Sau biyu muka tsaya a hanya domin ta huta. Ba wanda ya riƙe ta.

Ka tuna sharaɗin da ka gindaya a watan jiya: idan Janairu ya ƙare ba ta iya kai kanta lambu ba, za ka zo da mota ka ɗauke ta ta koma wurinka. Ban yi maka gardama ba, domin na ga yadda gwiwoyinta suka kumbura da shigowar sanyi, har salla sai a zaune. Abin da ban gaya maka ba shi ne, da na isar mata da saƙonka ta juya fuska ga bango, kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A gidan nan Baba ya rasu, kuma shekara talatin tana noman wannan lambu.

Dole in amsa laifina. Ni na hana ta motsi. Na sa matata Nasiha ta karɓe mata komai, har butar alwala ita ke kai mata bakin gado. Na ɗauka hutu ne magani. Kullum gwiwar ƙara sandarewa take yi, ni kuwa ina ƙara tsananta dokar.

Maƙwabciyarmu Madam Albertine, wadda ta yi aikin gashin ƙashi a asibiti kafin ta yi ritaya, ita ta shigo ta same mu a haka. A gaban matata ta tambaye ni ko a jami'ar Ngawundere aka koya mini in adana uwata kamar buhun gyaɗa. Inna ta yi dariya, karo na farko cikin mako uku. 

Ga tsarin da ta ɗora mu a kai. Da safe a gasa yashin kogi a kasko, a zuba a tsumma, a ɗora a gwiwa da ɗuminsa, ba da zafinsa ba. Alwala da ruwan ɗumi. Ba fita sai rana ta hau. Tana zaune a kujera mai tsayi ta miƙe ƙafa ta sauke, sau goma kowace. Maganin likita yana nan yadda ya rubuta. Sannan tafiya: ranar farko zuwa ƙofar gida, bayan kwana huɗu zuwa bishiyar dalbejiya ta bakin masallaci. A mako na biyu sanyi ya ƙaru, ciwon ya tashi sosai, na ce a dakata. Madam Albertine ta ce a rage dai, kada a daina. Inna ta goyi bayanta.

Sandar asibiti da na kawo kuwa ta ƙi ta ƙememe, wai ba za ta ratsa unguwa ana yi mata sannu ba. Ta ɗauki gorar da take korar awaki da ita daga lambu. A cewarta, mai riƙe da wannan aiki za ta, ba jinya take ba.

Da muka gangara bakin kogi, matan lambu suka hango ta, suka ajiye bokitai. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suna ta jabbama, wato maraba da Fillanci. Kaltumi, wadda ta riƙa yi mata ban ruwa tun Nuwamba, ta rungume ta. Inna ba ta ko zauna ba sai da ta zaga kunyoyin, ta ce an cika wa albasar ruwa, kuma wanda ya yi dashen layi na uku da ido rufe ya yi shi. Ni na yi shi, Yaya.

Ba na cewa ta warke. Likita ya ce gugar ƙashi ba ta komawa, kuma yau da safe ta tashi da ɗan tsami. Amma ta cika sharaɗinka saura kwana goma sha uku. Ina roƙonka ka bar ta a ɗakinta. Ta ce in gaya maka ka zo da motar duk da haka a watan Maris, akwai albasar da za ka ɗauka.

Ka gai da Yaya Ache da yara. Nasiha tana gaishe ku. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Mahfuzu

Gyara ɗaya: na ce sau biyu muka tsaya domin ta huta. Tsayuwa ta biyu ni na nema, lokacin da na ji guɗar matan. Na ce mata tsakuwa ce ta shiga takalmina. Ba tsakuwa ba ce, hawaye ne suka zo mini. Ta jira ni har na share fuska.