Mijina Ya Fifita Motarsa a Kan Mahaifiyata

Hajiya Ummusalma, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya cika mini ciki, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gida.

Shekararmu goma sha ɗaya da aure, ɗiyanmu huɗu, muna zaune Ƙaura Namoda. Mijina ɗan kasuwar hatsi ne, yana saro gero da dawa a Shinkafi. Da can mutum ne mai kunya, ba ruwansa da ƙarya. Bara ya je biki Abuja aka ɗauke shi a wata jibgegiyar baƙar jif, daga nan kansa ya juye. Ya dawo ba shi da zance sai ƙarfin inji da kujerun fata. Gonar da ya gada kusa da Kurya Madaro, wadda tsoron 'yan bindiga ya hana mu nomawa shekara biyu, ya sayar da ita a wulaƙance, ya haɗa da jarinsa, ya tafi Kano ya sayo irin motar, ta hannu.

Hajiya, ki zo ki ga abin dariya. Sai da aka rushe zaurenmu kafin ta shiga gida. Motar da aka ce gudunta kamar jirgi, iyakarta masallacin Juma'a, ta dawo a lulluɓe ta da tamfol. Shinkafi kuwa har yau a motar haya yake zuwa, a matse cikin buhuna, wai kada masu kai wa 'yan bindiga rahoto su gan shi cikinta. Kullum da safe da kansa yake goge ta, yana hura mata baki yana shafawa da gefen riga. Yara ko jingina suka yi da ita sai tsawa. Mai kuwa kamar a rairayi ake zuba shi.

Duk wannan na haƙura. Watan jiya da hantsi ƙanena Faruku ya bugo waya daga Galadi, Innarmu ta faɗi, gefenta ɗaya ya daina motsi. Na durƙusa na roƙi mijina mu je mu ɗauko ta. Ya ce hanyar ba ta shiguwa da irin wannan mota saboda 'yan bindiga. Na ce to a fito da Inna Shinkafi mu tarbe ta can. Sai ya ce ramukan titin za su lalata ƙafar motar, kuma babu kayan gyaranta nan kusa. A kan babur aka kawo Inna Shinkafi, Faruku na riƙe da ita ta baya, daga nan motar haya har asibitin Ƙaura. Shi kuma da la'asar sai ga shi dubiya cikin jif, da ledar lemo, ya faka inda kowa zai gani.

Tun ranar in yana magana ji nake kamar ƙaramin yaro ne. Ina ajiye masa abinci ba na kallon fuskarsa. Ina tsoron Allah a kan wannan raini, amma ya ƙi fita. In nemi rabuwa ne, ko yaya zan yi?

Mai Takaici, Ƙaura Namoda

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya tashi kafaɗun Inna.

Motar da ba ta zuwa gona, ba ta zuwa kasuwa, ba ta ɗauko marar lafiya, kayan jere ce, kuma ko amarya ba ta sayar da gona don jere. Magidanci mai ɗiya huɗu ya mayar da gadon ubansa abin lulluɓewa da tamfol, wannan sakarci ne, ba zan canza masa suna ba.

Amma a yi masa adalci. Tsoron hanyar Galadi gaskiya ne, kuma da ya shiga da wannan mota da ya jawo wa gidan Inna ido. Inda ya zubar da girmansa shi ne maganar ramuka. Mai tsoro yakan ɗauki shatar wata motar ya tafi, ba ya zauna yana tausayin taya ba. Ina kuma zargin ya daɗe da gane ya yi kuskure, kunyar amsawa ce ke sa shi ta goge motar.

Ki ajiye zancen rabuwa tukuna. Ki zauna da shi ku biyu, ba gaban yara ba, ban da gatse. Kada ki taɓo gona ko mai. Ki faɗa masa abu ɗaya: yadda kika ji da aka ɗauko mahaifiyarki a kan babur. Sannan ki nemi babba a danginsa wanda yake jin kunya, ya sa shi ya sayar da motar tun tana tashi, ya maido jarinsa, ya sayi ƙarama da ba mai waiwayonta. Ke kuma ki samu amintaccen direba a Shinkafi saboda zirga-zirgar asibiti, kada ki sake jiran kowa.

Raini ba ya fita da umarni, sai ya ga canji. Ki ba shi damar zuwa ya durƙusa gaban Inna ya ba ta haƙuri. In ya yi, ki karɓa da zuciya ɗaya. In ya ƙi ko wannan, to matsalarku ta wuce mota, ki kai maganar ga magabatanki.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu.