Wa Zai Maƙala wa Raihana Lamba

Greensboro, 3 ga Maris, 2006

Yaya Laouali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Damagaram. Yaya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya.

An ɗauki 'yarka Raihana a ƙungiyar haziƙan ɗalibai ta jami'arsu. Ka yi murna a madadina, tawa ta ƙi zama daidai. Ni ma ɗan ƙungiyar nan ne tun 1985. Rana ɗaya aka ɗauke mu da Kader, wanda muka zo karatu tare, mai manyan kunnuwan nan. Shekaranjiya Raihana ta kawo littafin tsofaffin membobin da suka shahara: alƙalai, matuƙan jirgi, wata mawaƙiya, har da mai binciken ƙwari. A shafi na tara sai ga Kader, likitan zuciya, yana murmushi a ƙofar gidansa na Irving Park, unguwar attajirai. Ni na koya masa lissafi, Yaya! Amma ba zan ci haƙƙinsa ba. Da gwamnati ta daina biya mana karatu shi ya daure, ni na shiga sito tuƙa motar ɗaga kaya, wai na shekara ɗaya.

Al'adarsu, tsohon memba ke maƙala wa sabo lamba, a karanta sunansa da sana'arsa a lasifika. Raihana ta roƙi Kader, wanda take ce wa Tonton, wato kawu, ya maƙala mata. Ba laifinta ba ne, ban taɓa gaya mata ni ma memba ne ba. Kader ya kira ni ya ce ba zai maƙala wa 'yata komai ba ina raye. Kirkinsa ma haushi yake ba ni.

A gaida Inna.

Ƙaninka,
Zabeirou

Greensboro, 10 ga Afrilu, 2006

Yaya Laouali,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, faɗan ma ya iso. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Na je bikin maƙala lambar. A ƙofa aka ba ni kati in rubuta sana'ata. Na daɗe riƙe da biro, zuciyata na cewa in sa "harkar sufuri". Na rubuta gaskiya.

Kader ya yi jawabi, duk zauren ya miƙe tsaye. Jawabin ya yi kyau, abin takaici. Ni kuwa da aka karanta nawa katin, tafin ladabi aka yi. Raihana na waigen Kader sai ta gan ni tafe. Na yi ta fama da allurar lambar har sai da ta riƙe hannuna na samu ta shiga.

Bayan an tashi muka shiga mota, har muka kusa gida. Sannan ta ce mini, da Turanci, sito bai taɓa ba ta kunya ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne na zaci zai ba ta kunya. Yau kwana huɗu ba ta ɗaga wayata ba.

Tana da gaskiya. Amma ni na maƙala mata, Yaya. Ka gaya wa Inna.

Ƙaninka,
Zabeirou